Zaman natsuwa na ranar 21 ga Satumba: mu shiga na duniya ko mu shirya namu?

Uwar Marayu: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. 'Yata ta turo min sanarwar wani zama da za a yi ranar 21 ga Satumba, wai mutane a faɗin duniya za su zauna shiru a lokaci guda, kowa ya natsu ya ƙudurta zaman lafiya da samun sauƙin zuciya. Rabin matan ƙungiyarmu 'yan bindiga ne suka taso su daga ƙauyukansu, wasu har yau ba sa iya barci. Mu shiga wannan, ko mu shirya namu? Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Bazazzagi: Wa'alaikumus salam Hajiya. Akwai kuɗin rajista?

Uwar Marayu: Sun ce kyauta ne, sai dai a sa lambar waya.

Malamin Firamare: Hajiya, ranar kanta ba ta wani kamfani ba ce, Ranar Zaman Lafiya ta Duniya ce, ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1981 aka kafa ta, a 2001 aka tsayar da ita kan 21 ga Satumba, aka ce ranar tsagaita wuta ce. A hedikwatarsu da ke New York akwai wata ƙararrawa da Japan ta bayar a 1954, da tsabar kuɗin da aka tattara daga ƙasashe aka ƙera ta, Babban Sakatare ne ke kaɗa ta. Abin da aka saba shi ne shiru na minti ɗaya da ƙarfe 12 na rana, kowa da agogon garinsa. Wannan ba ya buƙatar lambar kowa.

Baban Biyu: Hajiya don Allah kar ki ba su lambobin matan nan. Ni na shiga irinsa bara, wata ƙungiya ce ta waje. Da farko sun ce kyauta, ana gobe sai ga saƙo wai wanda ke son "cikakkiyar waraka" ya biya da dala. Ban biya ba. Na tara yaran unguwarmu a soron gidanmu, na aro lasifika, na sayi data. Aka buɗe, sai ga wata mata zaune gaban kyandir tana magana da Turanci a hankali kamar mai lallashin jariri, bayan haka aka sa wani amo mai jan sauti aka ce kowa ya maimaita wasu kalmomi. Yaran suka waiwayo suna kallona, ɗaya ya ce Baba me muke cewa? Ni ma ba a fassara min ba, to yaya zan sa 'ya'yan mutane su furta abin da ba a gaya mana ma'anarsa ba? Na kashe. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bayan nan, kullum sai an turo min tallan kwas, sun kuma jefa lambata cikin wasu zauruka ba da iznina ba. Ni namiji ne na iya toshe su. Ki yi tunanin baiwar Allah da aka kashe wa miji a gona, a riƙa damunta da ta biya kuɗi ta warke.

Ba'damagare: Allah ya kyauta. Soron Bakano kuma har da lasifikar aro, ai na ɗauka ku komai sayarwa kuke yi.

Baban Biyu: Kai dai ka kawo mana kuɗin bashin atamfar da kakanka ya ɗauka a Kurmi.

Almajirin Malam: Ni fa ban ga abin da ya kai mu can ba. Muna da alƙunutu idan musiba ta sauka, muna da saukar Alƙur'ani, muna da zikirin safe da yamma. In haɗuwa a lokaci ɗaya ake so, wa ya kai ranar Arfa?

Ɗan Kumasi: Malam ba wanda ya ce a bar waɗannan. Minti ɗaya ka yi shiru kana istigfari a zuciyarka, ina laifin?

Almajirin Malam: Laifin a ware rana a mai da ita ibada.

Ɗan Kumasi: To ranar malamai da ranar ma'aikata fa? Ba ibada aka ce ba, tunatarwa ce.

Almajirin Malam: Sai na tambayi Malam tukuna.

Malamin Firamare: Masu irin wannan zama suna yawan kafa hujja da abin da aka yi a Washington a 1993, inda kusan mutum 4,000 suka taru na makonni suna zaman natsuwa, masu shiryawa suka ce manyan laifuka sun ragu da kashi 23 cikin 100. Masana da dama sun ƙi yarda da lissafin. Don haka kar a yi wa matan alkawarin cewa zaman zai kori ɓarayin daji. Amma natsuwar da mai zaman ke samu a jikinsa, wannan kam ana ganinta.

Nas Mai Dare: Hajiya ni ta nan zan shigo, don ina aiki da irin waɗannan mata. Wadda ta ga tashin hankali da idonta, in kika ce ta rufe ido ta yi tsit na minti ashirin, sau da yawa abin da ta gani ne ke dawo mata. Na ga wadda jikinta ya hau rawa, gumi ya jiƙe mata hijabi, ta miƙe ta nufi ƙofa ba takalmi. Saboda haka a taƙaita, minti uku zuwa biyar ya isa. Ido a buɗe, kowa ta kalli tabarma ko carbinta. A bar ƙofa a buɗe, a faɗa tun farko cewa mai son fita ta fita ba sai ta nemi izni ba. A ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi ya fi shigarsa tsawo. Mai jagora ta kasance muryar da suka sani, da Hausa, kuma kar a tilasta wa kowa ba da labarinta. Wadda kika ga ba ta ci ba ta barci tsawon makonni, ko tana maganar gara ta mutu, asibiti za a kai ta, zama ba zai wadatar ba.

Uwar Marayu: Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan na ƙofa ban taɓa kawo shi a raina ba.

'Yar Wusasa: Mu a coci muna yin addu'ar zaman lafiya ranar, in babu damuwa matanmu za su so su zo, kowa ta yi tata a zuci. Mama ki nemi cibiyar sulhu ta Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a Kaduna. Su da kansu sun yi gaba da juna, Fasto ya rasa hannunsa a rikicin addini na 1992, Imam ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, daga 1995 suka fara aiki tare. Sun san yadda ake zaunar da mutanen da aka ɓata wa rai.

Almajirin Malam: Wannan kam aiki ne, ba ni da ja.

Ba'damagare: In za ku bi agogon sanarwar ku lura, 12 na GMT ƙarfe 1 ne a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, 2 a Sudan.

Ɗan Kumasi: Mu dai 12 ɗinmu 12 ne, ba ragi ba ƙari.

Bazazzagi: Shi ya sa kullum kuke rigan mu jin yunwa. Hajiya za a yi abinci? Matan da suka taho tun safe ba za su natsu da cikin wofi ba.

Uwar Marayu: Kunun gyaɗa da ƙosai nake tunani, in an samu mai taimakawa da wake.

Baban Biyu: Kwano biyar daga wajena. Amma batun lambar nan dai, kar a bayar.

Malamin Firamare: Akwai kuma 21 ga Disamba, Majalisar ta ware ta ranar zaman natsuwa a 2024, in na Satumba ya yi kyau sai a maimaita.

Nas Mai Dare: A bari a ga na farkon. Mama ina aikin dare ranar, amma da rana zan leƙo. Tabarmi nawa kuke da su?