Yatsa ko sikanin: da wanne za a auna bakin mahaifa kafin a sa miso (misoprostol, maganin tayar da naƙuda)?

Ƙaramin Dakta: Salamu alaikum. Ni fa a ganina makin Bishop, wanda ake ba bakin mahaifa don a san ko ya nuna kafin a tayar da naƙuda, ya tsufa. Tun 1964 Edward Bishop ya fito da shi, har yau muna sa yatsu biyu muna ƙiyasi. Inda ke da sikanin da ake yi ta gaba, a auna tsawon bakin mahaifa da milimita, a huta da gardama.

Matron: Wa alaikumus salam. Ɗana, sikanin tsawo zai ba ka. Yatsa abu biyar yake karantawa: buɗewa, sirancewa, laushi, inda bakin ya fuskanta, da saukar kan jariri. Bakin da ke da tauri kamar kan hanci daban, wanda ya yi taushi kamar leɓe daban, ko da tsawonsu ɗaya.

Sistar Dare: Mama, a yi min afuwa, amma hannu hannu ne. Ni in ba mace maki 5, Dakta ya shigo ya ba ta 7. A 5 miso za a sa, a 7 wani zai ce a ɗaura ruwan naƙuda. To na wa za a bi?

Matron: A bi na wanda zai sake duba ta. Mutum ɗaya ya auna da farko, shi ya sake aunawa, ya rubuta maki biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya a fayil. Rubuta "bakin bai nuna ba" kawai shi ke kawo ruɗani.

Babban Dakta: Bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, da ta kwatanta hanyoyin biyu ba ta ga bambanci bayyananne ba wajen yawan tiyata, kuma binciken ƙanana ne. Sannan ku tuna inda muke. Sikanin yana nan a UDUTH, asibitin koyarwa na Sakkwato, amma matar da ta zo asibitin ƙauye can wajen Tangaza da tsakar dare ba wuta fa?

Ƙaramin Dakta: Ranka ya daɗe, na yarda da wannan. Amma mata da yawa sun fi jin zafin yatsa.

Mai Ba da Magani: Ku yi haƙuri in sa baki. Abin da ke tsorata ni awon maganin ne. Dinoprostone, wani maganin nunar da bakin mahaifa, sai da firji, a zafin Sakkwato na Afrilu kuwa sai a hankali, shi ya sa kowa ya koma miso. Ƙwayar maikurogiram 200 ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maikurogiram 25 za a ba: a sha duk awa 2, ko a sa ta gaba duk awa 6. Wa zai raba ƙwaya gida takwas da reza ta fito daidai? Gara a narkar da ita a ruwa mililita 200, a ba da mililita 25.

Matron: Kuma wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ba a ba ta miso, ko makinta sifili ne. Mahaifa na iya fashewa. A yi maganar balan-balan na Foley, robar da ake hura wa ruwa a bakin mahaifa don ya buɗe, da babban likita.

Sistar Dare: Mama, to gobe in kin shigo ki duba tare da mu, mu ga inda hannayenmu ke saɓawa.