Gajeren fim kan matar da ta hau kabu-kabu: ina ake tsorata, ina ake dariya?

Mai Majigi: Assalamu alaikum. Masu haska gajerun finafinan tsoro a fada ko a tsakar gida, ku kawo abin da kuka lura da shi. Ina nufin irin wanda aka gina kan labarin ɗan kabu-kabu da ya ɗauki mace da tsakar dare, ta ce ya kai ta bakin maƙabarta, da ta zo sauka sai ya ga kofato a madadin ƙafa. A Maraɗi, daga unguwar Zariya har Bagalam babu wanda bai san ƙarshensa ba. Tun mace ta ɗaga hannu wani zai ce "aljana ce!" Don haka ba mamaki ke kama mutane ba, jira ne. Wurin da ake yin tsit shi ne tafiyar, lokacin da take zaune bayansa ba ta ce uffan ba.

Mai Tace Sauti: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiyarka. Kuma rabin wannan jiran sauti ne. A bar ƙarar babur tana tafiya, sannan a janye kukan gyare da haushin karnuka a hankali, sai a yanke komai na daƙiƙa 3 zuwa 4 kafin ta yi magana. Nan ake jin mata suna "a'uzu billahi" ƙasa-ƙasa. In shirun ya zarce haka, mutane sun ɗauka lasifika ce ta mutu, sai surutu ya ɓarke. Abin da ke yawan ɓata aiki: a tace sauti da abin kunne, a cika shi da gurnani mai kauri, alhali lasifikar salula ba ta fitar da irin wannan amon. Mai kallo a waya ba ya jin komai. A gwada a ƙaramar waya kafin a saki. Janareto kuma a kai shi bayan katanga da doguwar waya, in ba haka ba ya cinye shirun duka.

Hajiyar Kwalliya: Ƙannena, kofaton nan shi ke kashe fim. Da an nuna shi ɓaro-ɓaro, wani zai ce ƙafar sa ce daga mahauta, shi ke nan wuri ya kaure da dariya, ba a sake dawowa. Bai kamata ya wuce ƙiftawar ido ba, a gefen hoto, zani ya rufe rabinsa. Abin da ya fi shi aiki, sawunsa a kan rairayi bayan ta wuce. Hoda fara a fuska ma haka, ta zama abin wasan yara. Jini kuwa kada a yi da zobo, ruwa-ruwa yake fitowa, launinsa ya karkata shuni. Zuma cokali 3, jan kalar abinci kaɗan, da ɗan garin kofi don ya yi duhu. A shafa dab da ɗauka, saboda ƙuda da kiyashi.

Na Bakin Gulbi: Hajiya, a bambanta dariya biyu dai. Akwai wadda ke biyo bayan ihu, mutum ya zabura ya kama na kusa da shi, sannan ya ji kunya ya yi dariya. In wannan ce, fim ya ci. Ta biyu ita ce ta raini, tana zuwa kafin abin tsoron ya iso. Samarin fada sun fi yin ta farkon, su ne kuma ke cewa a maido baya.

Mai Kyamara: Maganar duhu. Ana ɗaukar dare baƙi ƙirin, a kwamfuta ya yi kyau, da ya bi ta WhatsApp sai a matse shi, duhun ya farfashe ya koma dabbare-dabbare, fuska ta ɓace. 'Yan kallo su shiga tambayar "mi ya faru?" A sa fitila guda daga gefe ko daga bayan mai wasa, a rage hasken wajen tacewa. Wutarmu 50 Hz ce, wato tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka a ɗauka da hoto 25 a daƙiƙa, in ba haka ba hasken kwan lantarki ya riƙa rawa a hoton. Haskawa kuma sai bayan isha'i, a farin ƙyalle da aka ɗaure kusurwa huɗu, in ba haka ba iska na kaɗa shi fuskar aljana ta lanƙwashe.

Malamar Lakwal: Yayyena, a duba yara. Su ke zama gaba, ba sa ihu, amma su ne ba sa iya fita kewaye da dare bayan nan, iyaye su zo da ƙorafi. A sanar tun farko. Sannan dattawa ba sa son a ɗauki hoto cikin maƙabarta ta gaske, ko a sa karatun Alƙur'ani a matsayin kiɗan tsoro. Wasu tashi suke su bar wurin.

Mai Majigi: Na gode, Malama. In ƙara ɗaya: kada a kunna fitila da fim ya ƙare. A ba da minti guda, don nan gardama ke tashi, wannan ya ce a hanyar Tibiri abin ya faru, wancan ya rantse a hanyar Dan Isa ne, kuma ƙafar jaki ce ba ta sa ba. Shi ya sa bai kamata fim ya ambaci sunan unguwa ko hanya ba.