Kumasi zuwa Guangzhou: ta Addis ko ta Dubai?

Rabi Aboabo: Salamu alaikum. Zan je Guangzhou sarin kaya a watan Oktoba, tafiyata ta farko. Ejan ya ce in zaɓa, ta Addis Ababa ko ta Dubai. Ƙafata na kumbura in na daɗe zaune. Wacce ta fi gajarta?

Malam Sani Nima: Wa alaikumus salam Hajiya. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, tsakanin Accra da Guangzhou kusan kilomita 12,000 ne. Accra zuwa Addis awa 6, Addis zuwa Guangzhou awa 10 da 'yan mintoci. Ta Dubai kuwa kusan awa 8 ne, sannan kusan 7. Jimillar kusan ɗaya ce, amma ta Dubai zaman ya rabu daidai, ya fi wa ƙafarki. Kada agogon tikiti ya ruɗe ki, Chaina ta riga mu da awa 8.

Ɗan Asawase: Ki tafi da gari da shito, abincinsu sai a hankali.

Alhaji Mai Taya: Duk ba nan matsalar take ba. Jirgin Kumasi zuwa Accra minti 40 ne, shi ya sa mutane ke raina shi. Wata maƙwabciyarmu ta yanki tikitin Kumasi daban, na waje daban, tsakaninsu awa 2. Aka yi ruwa da safe, jirgi ya makara. A Accra ta jira jaka a Terminal 2 na jiragen cikin gida, ta ja ta zuwa Terminal 3 na jiragen waje, ta tarar an rufe wurin duba tikiti da karɓar kaya, don awa 1 kafin tashi suke rufewa. Tikitin ba a haɗe yake ba, babu wanda ya ɗauki alhaki. Kuɗin adashen shekara ne, a bakin ƙofa ta zauna tana kuka. Hajiya, ki kwana Accra.

Hajiya Mamobi: Innalillahi! Ƙanwata, ta Addis ta fi sauƙin kuɗi.

Yaya Isa: Ba a Oktoba ba, Hajiya. Lokacin baje kolin Canton ne, babban baje kolin kayayyaki da ake yi a Guangzhou, duk kujeru sun yi tsada, wani mako ma ta Dubai ke zama ƙasa.

Hajiya Mamobi: Kai da ke sayar da tikiti, ai inda ladanka ya fi za ka tura ta.

Malam Sani Nima: A yi haƙuri. Hajiya Rabi, ki nemi kujerar bakin hanya, ki riƙa miƙewa duk bayan awa 2, ki sa safar matse ƙafa. Dawowa takan fi tsawo, iskar sama na tunkarar jirgi in ya nufi yamma. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ya kasance cikin fasfo. Batirin cajin waya kuma a jakar hannu, ba a yarda ya shiga babbar jaka ba.

Alhaji Mai Taya: Tun da an taɓo ejan, me ya sa ba sa faɗa wa mutum cewa jaka biyu masu kilo 23 na jirgin waje ne kawai? Sai ka dawo Accra da kaya niƙi-niƙi, ƙaramin jirgin Kumasi ya ce ka biya ƙari.

Yaya Isa: A rubuce yake a jikin tikiti, Alhaji.

Alhaji Mai Taya: Da wane yare aka rubuta?