Neman kalma: me uwar za ta kira "Down syndrome" a wasanmu?

Mai Rubutu: Salam 'yan uwa. Muna shirya wasan kwaikwayo na 21 ga Maris, ranar masu Down syndrome ta duniya, kuma biyu daga cikin 'yan wasan lalurar gare su. A fitowa ta uku kishiya ta ce wa yaron "ɗan ruwa", uwarsa ta mayar mata: "Ba ɗan ruwa ba ne, … ke damunsa." Me zan sa a gurbin? Gobe za mu fara gwaji.

Baffa: Galahanga mana.

Anti Nas: A'a Baffa, ita ake kiran autism (lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane) da ita ma, ranarsu daban, 2 ga Afrilu. Wannan kuwa ƙwayar gado ce ta 21 ta zo uku maimakon biyu, jimilla 47 ba 46 ba. Shi ya sa aka zaɓi 21 ga wata na uku. Kuma cire "ke damunsa", ba zazzaɓi ba ne.

Malamin Hausa: To ga kalma nan ta fito da kanta: ƙarinƙwaya. Hausa tsantsa, ba aro.

Baffa: Malam, ka ce ƙarin ƙwaya a dandali a Kano? Dariya za a kwashe da ita, a ɗauka yaron ɗan shaye-shaye ne.

Ɗan Damagaram: Mu nan likitoci "tirizomi" suke cewa.

Malamin Hausa: Mu guje wa Turancin Ingila mu faɗa na Faransa?

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, "ƙwaya" ce kaɗai Hausa? Kullum sai ta Kano za a bi?

Anti Nas: Ku bar wannan. Down sunan mutum ne, John Langdon Down, likitan Ingila da ya yi bayaninta a 1866. Suna ba a fassara shi. A sa "lalurar Dawun". Kada dai a ce cuta, mutane su fara janye 'ya'yansu don kar su ɗauka.

Mai Rubutu: Na tambayi mahaifiyar ɗaya daga cikin 'yan wasan. Ta ce galahanga da ita ake tsokanar 'yarta a unguwa, ba za ta zauna ta ji ta daga bakin uwa ba. Na sa: "Ba ɗan ruwa ba ne, lalurar Dawun gare shi, kuma Sani sunansa."

Malamin Hausa: Ba Hausa ba ce, amma ku je da ita. A takardar gayyata dai a sa tawa a ƙasa.

Baffa: Da ƙananan baƙaƙe.