Na dawo daga hutu amma gajiyar aikin tana nan

Mai kula da sashen aro: Assalamu alaikum. Shekarata 11 ina aiki a ɗakin karatun jami'a, kuma a da ni nake riga kowa zuwa. Yanzu da na hango ɗalibi ya nufo kantar aron littattafai sai raina ya ɓaci tun kafin ya buɗe baki. Na je hutun shekara na dawo, amma cikin mako guda na koma gidan jiya. Shin lalaci ne ya kama ni?

Tsohon ma'aikaci: Wa alaikumus salam, Malama. Malalaci ba ya damuwa da lalacinsa. Abin da kika bayyana ya yi kama da ƙosawa da aiki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ba ta kuma lissafa ta cikin cututtuka ba. Alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, janyewar zuciya daga aikin, da jin cewa ƙoƙarin mutum ba ya tsinana komai. Hutu yana rage ta na ɗan lokaci kawai, tunda abin da ya jawo ta yana nan yana jiran ki.

Mai tsara kundaye: Ni abin da na lura shi ne, masu himma take kamawa. A wurinmu mutum biyu sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, aka ɗora mana ma'ajiyar kundayen digiri ta intanet, da koya wa sababbin ɗalibai binciken mujallu, ga tsawaita lokacin rufewa idan jarrabawa ta zo. Duk wanda ya nuna hazaƙa, kayan yake ƙara wa kansa. Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amurka, Fobazi Ettarh, ta yi rubutu a 2018 kan yadda ɗaukar wannan sana'a tamkar aiki mai tsarki ke sa ma'aikaci jin kunyar yin ƙorafi, kuma na ga kaina a ciki.

Shugabar sashe: Malama, yawan aiki ba shi kaɗai ba ne. Christina Maslach da Michael Leiter, masana halayyar ɗan Adam da suka yi bincike kan ƙosawa da aiki, sun haɗa da rashin ta cewa a tsarin aiki, da rashin yabawa, da rashin adalci cikin abubuwan da ke jawo ta. Da na bar ma'aikatana suka tsara jadawalin zaman kanta da kansu, walwala ta dawo musu ba tare da an ƙara mana mutum ko ɗaya ba. Sai dai idan ɓacin ran yana bin ki har gida yana hana ki barci, ki ga likita.

Mai kula da sashen aro: Na gode. Barci ina samu. Jadawalin kuwa, ban taɓa ganin sa ba sai an manna shi a bango, don haka daga nan zan fara magana da shugabanmu.