Rigingine ko rub da ciki? Ku ba ni shawara

Mai Jego: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona yau kwanansa 19. In na kwantar da shi rub da ciki sai ya yi ta sharar barci, in rigingine ne kuwa, nan da nan ya farka. Surukata ta ce kifawar ta fi, wai kada tumbuɗi ya shaƙe shi. Na rasa ta wa zan bi.

Anti Nas: Wa alaikumus salam, barka da arziki. Rigingine, ƙanwata, dare da rana, har ya cika shekara 1. Barcin nan mai nauyi da kike murna da shi, shi ne abin tsoron. Jaririn da aka kifa numfashin da ya fitar yake sake shaƙa, kuma ko iska ta yi masa kaɗan ba ya saurin farkawa. Batun tumbuɗi kuwa, in yana rigingine hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, sai nonon ya koma inda ya fito. A Amurka an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1994, mutuwar fuju'a cikin barci ta ragu da fiye da rabi.

Maman 'Yan Biyu: Ki duba katifarsa ma. Danna ta da tafin hannu, in ta lotsa ba ta yi ba. Filo, bargo mai kauri, 'yar tsana, duk ki kwashe.

Maman Baby: Ni kujera nake ja miki kunne a kai. Wani dare ina shayar da 'yata a kan kushin barci ya sace ni. Da na farka, fuskarta ta nutse tsakanin damtsena da hannun kujerar, hancinta ya danne. Allah ne Ya kiyaye, amma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar, gadonta na gefen nawa, tana ƙoshi in mayar da ita.

Anti Nas: Haka ake so. Ɗaki ɗaya, makwanci daban, aƙalla wata 6. Kuma kada a sha taba a gidan.

Mai Jego: To sanyi fa, in babu bargo?

Maman 'Yan Biyu: Ƙara masa riga ɗaya a kan yadda ke kika sa a jikinki, kar ki sa masa hula in zai yi barci. Taɓa ƙeyarsa, in kin ji gumi ki rage.

Mai Jego: Na gode, Allah Ya saka. Saura yadda zan shawo kan Mama.

Anti Nas: Kada ki yi jayayya da ita. Ranar rigakafi ku tafi tare, ki yi tambayar a gabanta.