Yaya zan raba ɗalibai da tunanin cewa yiwuwar komai rabi ce?

Tambaya daga wata malamar lissafi:

Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, kuma mun shiga darasin yiwuwar aukuwar abu. Ɗalibaina sun haddace ƙa'idar cewa ana raba adadin sakamakon da ake nema da jimillar sakamakon da zai iya fitowa, amma idan na ce musu akwai jan wake 3 da farin wake 5 a cikin jaka, na tambaye su yiwuwar a zaro ja, da yawansu sai su rubuta 1/2 maimakon 3/8. Hujjarsu ita ce launi biyu ne kawai, ko dai ja ya fito ko fari. Wane aiki zan ba su da zai gyara wannan fahimtar?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Malama. Yaran suna ƙirga launi ne, alhali ƙwayar wake ya kamata su ƙirga, kuma bayani a kan allo ba ya cika kawar da wannan sai sun gani da idonsu. Ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da jakarsa, su zaro wake ba tare da leƙawa ba, su rubuta launinsa, su mayar da shi su girgiza, har sau 20. Sakamakon rukunonin zai bambanta, wani ma zai iya samun ja sau 10, amma idan kika haɗa na ajin duka a kan allo, galibi zai matso kusa da kashi 37.5 cikin ɗari, wato 3/8. A nan yawan ɗalibai a aji, wanda kullum muke kuka da shi, yana da amfani. Ki tabbatar suna mayar da waken, domin idan aka zaro ja aka ajiye shi gefe, yiwuwar ja a zari na biyu ta koma 2/7. Gara kuma, maimakon jan wake, ki shafa wa uku daga cikin farin wake jan tawada, saboda hannu yana iya bambance wake iri biyu ta girmansu. Daga ƙarshe ki tambaye su game da jaka mai ja 1 da fari 99, ki ji ko akwai wanda zai sake cewa rabi.

Amsa ta biyu:

Ina goyon bayan Malam, sai dai zan ƙara da 'ya'yan ludo biyu masu launi daban-daban, wato waɗanda ake jefawa, masu fuska shida da lambobi 1 zuwa 6. Jimillar lambobinsu tana kamawa daga 2 zuwa 12, don haka yara za su ɗauka kowace jimilla tana da 1/11. Ki sa su zana jadawali mai layi shida da ginshiƙi shida, su cike gidaje 36 da kansu, za su tarar 7 ta fito a gidaje 6, wato 1/6, yayin da 2 da 12 kowace ta fito a gida ɗaya tak.

Amsa ta uku:

Malama, ni ina ɗan ɗari-ɗari da ludo, domin wasu iyaye suna ganin jefa 'ya'yansa ya yi kama da caca, kuma gaskiya ne cewa wasiƙun da masana lissafi Pascal da Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654, waɗanda ake ɗauka a matsayin tushen wannan fanni, a kan rabon kuɗin wasan caca aka yi su. Misalin da na fi so shi ne na gadon cutar sikila, tunda gwajin jini kafin aure abu ne da yaran suke ji a gida. Idan uwa da uba duka AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gado lafiyayya (A) da ta sikila (S), kowannensu yana ba ɗa A ko S, saboda haka hanyoyi huɗu ne masu daidaiton yiwuwa: ɗaya ta ba da AA, biyu su ba da AS, ɗaya ta ba da SS, wato mai cutar sikila. Nau'i uku ne, amma yiwuwarsu 1/4 da 1/2 da 1/4 ce, ba 1/3 kowanne ba, wanda shi ne ainihin kuskuren ɗalibanki. Yana kuma gyara wani zaton da har manya suke yi, cewa idan an haifi mai SS, to uku masu zuwa sun tsira. Kowane ciki yana da nasa 1/4 ɗin. Sai dai ki yi hattara ƙwarai, domin zai yiwu akwai mai fama da cutar a ajin, kada ki tambayi kowa ko shi AA ne ko AS ko SS.

Malamar da ta yi tambaya:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan fara da wake a wannan makon, misalin sikila kuma zan tuntuɓi malamin kimiyya mu tsara shi tare kafin in kai shi aji.